Ranar da Kakarki Ke Nema

Zuwa ga Manal, sanyin idona, furen Ɗa'if da raɓa ta kwana a kansa, inuwata a tsakar ranar Makka. Sallama daga wanda kewarki ta hana shi jin daɗin abinci.

Bari in fara da safiyar nan ta unguwar Kudai, yau shekara biyu. Ina tsaye da arabiyata, keken da nake tura gajiyayyun alhazai, sai ga wata tsohuwa Bajawa, 'yar tsibirin Jawa, ta ɓace wa tawagarta, tana kuka riƙe da takalmi ɗaya. Kowa wucewa yake. Ke kika ajiye ludayi a wurin sayar da shinkafarku, kika rusuna har kanki ya yi ƙasa da nata, kika yi mata magana da harshensu mai laushi kamar ana shafa kan jariri. Ko hanya da babban yatsa kika nuna mata, irin ladabinsu. Sannan kika waiwayo kika ce in kawo keke, da Hausa garau irin ta mahaifinki, Allah ya jiƙansa. Ya Salam! Harshe biyu a baki ɗaya, kowanne zuma! Na kai ta masauki, amma wallahi zuciyata ba ta bar Kudai ba.

Tun ranar nake karantar dangin mahaifiyarki, ni da ko firamare ban gama ba. Na gane 'yan Makka na kiransu duka Jawa kamar yadda suke kiranmu duka Takari, alhali ɗan Sunda da ɗan Madura kowa da yarensa. Na ji kafin Musulunci kakanninku sun gina manyan ɗakunan bauta na dutse, kuma maƙwabtanku na Bali har yau suna kan tsohon addinin. Kakanki na can ya sha makonni a jirgin ruwa, na wajenmu ya tako ta Sudan da ƙafa, duk don a haife ki a unguwar Rusaifa in gan ki. In wannan ba rabo ba ne, mene ne?

Baffanki Awwalu ya ba ni aurenki. Saura Mbah, kakarki da ta rene ki. Ta tambayi ranar haihuwata, na ce Alhamis da ƙarfina, ai shi ya sa Inna ke kirana Ɗanlami. Ta ce wace Alhamis, ta Legi ko ta Kliwon? Ashe bayan kwana bakwai na kowa, ku kuna da wasu biyar na kasuwa, sai an haɗa ranata da taki an ga sun dace kafin a ba da 'ya. Na miƙa mata fasfo. Ɗaya ga Janairu! Dariya ta yi, ta san haka aka rubuta wa rabin baƙi masu aiki a garin nan.

Na buga wa Inna waya. Abin da ta riƙe kawai, gero ya fara fitar da kai, an yi ruwa da asuba, akuyarta ta haifi biyu. Limamin unguwarmu ya ce lissafin nan ba ya cikin addini. Na sani, amma ba zan yi gardama da bayan da ya goya ki ba.

Yanzu ta ce da shigowar Muharram za ta koma ƙauyensu ta ƙarasa kwanakinta, kuma ba za ta bar ki a hannun wanda ba a san ranarsa ba. Manal! Teku nawa ne tsakanin Jidda da Jawa? Ni mai tura mutane, wa zai tura ni ranar da ƙafata ta ƙi ɗaukata? Tantabarun Harami kowace da abokin kwananta, ni kaɗai zan rasa?

Ki roƙar mini ita ta jira ƙarshen Safar. Yayana Mukhtaru ya tafi wurin 'ya'yan malamin da ya raɗa mini suna, an ce yakan rubuta haihuwa a gefen littattafansa. Ko ta jira ko ta tafi da ke, ba zan kalli wata ba har a rufe ni da ƙasa.

In kuwa gara ta cinye takardar, ki tuna mata safiyar Kudai. A ranar na fara rayuwa, sai ta lissafa da ita. Ba ni kaɗai na gani ba. Dawuda direba yana nan, Hajo mai kunu tana nan. Mbah da kanta tana zaune bayan tukunya, ta bi ni da ido har na sha kwana, da na dawo ta miƙo mini shinkafa mai zafi. Ita ta fi kowa sanin ko Legi ce ko Kliwon.

Naki har abada,
Munzali Ɗanlami