Amarya Ta Ƙi Tashi

Litinin, 1 ga Afrilu

Matata Wadad ce ta ba ni littafin nan, kyautar kantin magani, tace in dinga zuba surutuna a ciki ko kunnenta ya huta. Shekara talatin da takwas matar nan tana jin labarai masu daɗi a gida, wai yanzu ta gaji. Rubutu ba sana'ata bace, amma takarda bata katse mutum.

Ƙanƙara ta narke daga hanya har bakin maɓuɓɓuga. Yau na buɗe ɗakin ƙasa. Amarya na nan yadda aka kwantar da ita tun Nuwamba, a ɗage kan kututture huɗu, bargo biyu a kanta, duk ta ɗau ƙanshin tuffan da ke gefenta. Motar nan ta girmi aurena. Babu matar da ta haura arba'in a garin nan da ba ita ta kai ta coci ranar biki ba. Na shafa bonet nace tashi haka 'yar gari, angonki ya iso.

A shagon gahawa nace kwana biyu zan tashe ta. Shakib mai shagon yace "Kai Abu Rabi, ko Mu'allim Jiryes?" Nace Yaya ai fitila yake riƙe min duk shekara. Aka kwashe da dariya. Ni ma nayi.

Nan dai ba mai ji. Ni nake riƙe fitilar.

Talata, 2 ga Afrilu

Yaya Jiryes ya sha miyar adas cokali shida. Tun Janairu da ɓarin damansa ya shanye, magana ta tafi, muka dawo da gadonsa falonmu kusa da murhu. Sai ido. Sai hannun hagu, shi ma rawa yake, ko biro baya riƙewa. Mutumin da in ya sa kunne a jikin inji yake gaya maka abin da ke damunsa.

'Yarsa Mirna ta kira. Ran sha uku za ta zo ta tafi da shi Beirut, gidanta, bene na bakwai, kusa da likita. "Baffa Nakhle, Baba ba zai ƙara wani sanyin a kan dutsen nan ba." Bata ce ba zai dawo ba. Ni ma ban tambaya ba.

Duk shekara fitar Amarya ta farko cocin Mar Iliyas ce, can sama, inda kabarin matarsa Nuhad yake. Shi da tuƙi, ni da surutu, reshen almon mai fure a kujerar baya. In mun iso sai ya danna ham sau biyu, yadda yake mata a ƙofar gidan ubanta tun suna samari. Shekara sha ɗaya bai taɓa fashi ba.

Na durƙusa gaban gado nace Yaya, kafin sha uku zan kai ka wajen Nuhad a cikin Amarya, in ban kai ka ba Shakib ya aske min gashin baki a tsakiyar shago. Ya dube ni. Sannan ya mai da ido wajen talabijin.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Wa yace ban iya ba? Batir na ɗauko daga bayan murhun kicin na ɗaura. Lagireto na cika da ruwa, don Yaya tsiyaye shi yake kar sanyi ya fasa inji. Tsumman da yake cusawa a salansa saboda ɓeraye na zaro, har da gawar ɗaya, Allah ya jiƙansa, ya mutu a babban gida. Iska a taya huɗu da famfon ƙafa, gwiwata har yanzu magana take. Na sauke ta ƙasa.

Na murɗa makulli. Tana juyi, tana juyi, bata kamawa. Sau goma. Na lallashe ta, na zage ta, na sake lallashi.

Sai da na buɗe murfin distribita naga rami. Rota. Na manta da rota.

Wani ɗan baƙin abu ne bai wuce babban yatsa ba, shi ke raba wuta ga fulogi. Tun zamanin yaƙi, da 'yan bindiga ke shiga gari su tashi motar mutum su wuce, Yaya yake cire shi duk Nuwamba ya ɓoye. Yaƙi ya ƙare, shi bai daina ba. Bai taɓa gaya wa kowa wurin ba, ni kam yace gara ya gaya wa mai shelar gari. In ƙanƙara ta narke sai kawai ka ga ya fito da shi daga aljihu.

Ya cire shi a Nuwamba. A Janairu bakinsa ya rufe.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Nace Yaya abu ne mai sauƙi, ni in faɗa, kai ka ƙifta. Ƙarƙashin katifa? Tulun zaitun? Takalmin ruwa? Bayan hoton Baba? Cikin buhun alkamar burgul? Wuri hamsin na lissafa, ko numfashi ban yi ba. Ya yi wani gurnani, ya ɗaga hannun hagu da kyar, hannun ya faɗi. Nace ka huta ɗan'uwa, ƙaninka ya fi karen farauta hanci. Na ba shi labarin limamin da jakinsa ya shiga coci. Bai yi dariya ba. Talabijin yake kallo, na canza masa tasha.

Na birkice ɗakinsa kaf. Na samu tabarau uku, haƙorin roba na Inna, da wasiƙar da Nuhad ta rubuta masa. Ban karanta ba. Layi biyu kawai.

Asabar, 6 ga Afrilu

Babu. Na zazzage tuffa kwando tara. Wadad bata min magana.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Bayan coci Shakib ya biyo ni gida. Ya tsuguna gaban gado yace "Mu'allim, ga akori-kurata nan, mu shimfiɗa maka katifa, minti ashirin muna Mar Iliyas." Yaya ya rufe ido. Ya juya fuska bango. Da Shakib ya sake magana sai ya bugi ƙarfen gado da hannun hagu, har kofi ya faɗi.

A waje Shakib yace wannan wane irin taurin kai ne. Nace a cikinta ya ɗauko ta da farar riga, a cikinta ya bi akwatinta. Ba zai je mata a motar ɗaukar taki ba. Yace motata ce ta taki? Nace ka shinshina mana.

Yana tafiya yace ya wasa aska. Wasa yake. Amma bai yi dariya sosai ba.

Talata, 9 ga Afrilu

Na je garin Zahle. Bas biyu. Na zaga 'yan gwangwani shago bakwai. Na farko yace a kai motar gidan tarihi, su suna da kayanta. Wani yace zai sa a aiko daga waje, sati uku. Nace sati uku ai ko ni an iya aiko sabo. Wani dattijo ya zazzage min bokiti guda na tsofaffin rota, na zaɓi wanda ya fi kama, na rantse masa shi ne, nace ni da motar nan tare muka yi haƙori.

Gaskiya ban san kamanninsa sosai ba. Shekara arba'in ina haska shi da fitila, ina ba da labari, ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Laraba, 10 ga Afrilu

Bai shiga ba. Na goga shi da fayil, ya shiga, na murɗa makulli, ya tsage biyu.

Saura kwana uku. Mirna ta kira tana tambaya ko na haɗa masa kaya. Nace an gama tun jiya. Ko safa ban ninke ba.

Wadad ta sauko ɗakin ƙasa da gahawa, ta same ni zaune a kan taya. Nayi shirin ba ta dariya, ban samu komai ba. Tace "Abu Rabi, mutumin nan kullum ƙoƙari yake ya gaya maka wani abu, kai kuma kullum kana riga shi." Nace to ai ba ya magana. Tace "Kai ka taɓa bari?"

Gahawar ma ba sukari. Azumin coci ne wai.

Alhamis, 11 ga Afrilu



Da hantsi wuta ta tafi kamar kullum. To kullum in ta tafi ni nake zama talabijin ɗin, in tsaya gabansa in yi ta zuba. Yau ba ni da abin zubawa. Na ja kujera gefen gado na zauna. Shiru. Ban san agogon falonmu yana da ƙara haka ba.

Na daɗe kafin na lura. Talabijin a kashe, baƙi ƙirin, Yaya kuma yana nan yana kallon wajen. Na bi idon a hankali. Ba gilashin yake kallo ba. Ƙasa da shi kaɗan.

Akwatin kayan aikina. Jan nan na ƙarfe da na saya shekarar aurena, wanda duk baƙon da ya shigo sai na nuna masa nace babu irinsa daga nan har Zahle. Wadad ta shimfiɗa masa ɗan leshi, aka ɗora talabijin a kai.

Ban ce komai ba, wallahi ban ce ba. Na nuna da yatsa. Ya ƙifta sau ɗaya, a hankali, kamar wanda ya sauke buhu.

Na sauke talabijin. Marfin da na zata zai cije buɗewa yayi ba ko ƙara, wani yana sa masa mai. Sifanan kwance noti duk a jere, wasu takardar kanti na jikinsu. A ƙasan su tsohuwar safa a ƙulle.

Kusan shekara arba'in. A cikin falona. Ya nemi wurin da ya tabbata ba wanda zai taɓa buɗewa a duk garin nan, ya samu.

Na juyo da rota a hannu. Gefen bakinsa mai rai ya ɗaga sama, kafaɗarsa tana rawa, hawaye na bin kunnensa. Dariya yake. Tun Janairu nake masa barkwanci bai motsa ba, ashe nasa yake riƙe da shi, ya fi nawa duka.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Ni da Shakib muka sauko da Yaya a kujera, muka ajiye shi gefen bonet da bargo. Wadad ta ɗaura masa fitila a hannun hagu. Inda ya haska nan nake taɓawa. In na kauce ya buga ƙafar kujera. Sau huɗu ya buga. Shakib yace "Mu'allim, ashe gaskiya ne fitila kake riƙe masa." 

Murɗa ta uku tayi tari, ta huɗu ta kama. Hayaƙi ya cika ɗakin, matan layi suka leƙo, wata ta rangaɗa guɗa.

Muka sa shi gaba, Wadad da Shakib a baya da reshen almon. Ni da tuƙi. Giya ta biyu nayi mata ƙara, ya harare ni.

Kwanar ƙarshe ƙanƙara ta tare hanya, har gwiwa, rana bata kai wajen. Ga cocin can, ga katangar maƙabarta, ga itacen da ke kanta, taku ɗari biyu bai cika ba. Na gwada, taya ta juya a banza. Na ja baya na sake gwadawa. Shakib ya fita ya duba yace ko a kujera ba za mu iya ba, santsi ne a ƙasa, in muka faɗi da shi fa.

Na riƙe sitiyari. 

Sai naji hannunsa yana lalube a kan nawa. Yana rawa, yana zamewa. Na bar shi, ban taimaka ba. Ya kai tsakiyar sitiyari ya danna. Ya huta. Ya sake dannawa.

Dutsen ya dawo mana da ƙarar ham ɗin, biyu.

Ni na kai furen da ƙafa. Na faɗi sau ɗaya, wandona ya jiƙe. Na ajiye nace Nuhad, kin dai ji shi.

Asabar, 13 ga Afrilu

Mirna ta zo da safe. Motarta ko ƙara bata yi. Na ɗauki Yaya da hannuna na sa a ciki, bai kai buhun tuffa nauyi ba.

Wadad ta naɗe katifar.

Litinin, 15 ga Afrilu

A shago suka ce Abu Rabi ba mu labarin yadda ka tashi Amarya, Shakib har ya zuba min gahawa tun ban zauna ba. Nace Yaya ne ya tashe ta. Suka jira sauran. Wani yace ko ba ni da lafiya. Lafiyata ƙalau, maƙogwaro ne, sanyin Juma'a.

Talabijin na kan tebur yanzu. Akwatin na sauke ɗakin ƙasa, ba don komai ba, ya fi kusa. Na ɓare takardun sifanan. Mai lamba sha uku ita ce ta batir, na rubuta a nan kar in manta.

Mirna ta kira ta kanga masa waya a kunne. Na buɗe baki zan fara na limami da jaki, sai na fasa. Na fita da wayar na tada Amarya na ajiye ta kan bonet. Minti biyar yana ji. Mirna tace ya buga ƙarfen gado sau ɗaya, wai me hakan ke nufi. Nace wuta tayi yawa a kafireto, zan rage.

Nuwamba da sauran lokaci. Amma ban san inda zan ɓoye rotar ba, akwatin yanzu ana buɗe shi.