Idon na'urarku bai shiga cikin gamba ba

Zuwa ga shugaban ma'aikatan da sunka kawo na'urar neman bam a ƙauyenmu, ƙasar Bazaga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ranka ya daɗe, sunana Sahabi, ƙanen Ilu. Aji huɗu na tsaya a lakwal, a yi haƙuri da rubutuna.

Na ɗaya. Da rani kunka zo da na'urar nan mai taya da ido a goshi. Kwana uku ina bakin gona ina kallo, kuma ban raina aikinta ba. Ta tsaya kan gwangwanin tumatir, ta tsaya kan tsohuwar galma, ta gano bam guda a gonar maƙwabcinmu. Amma duk sanda ta iso gambar da ke iyakar gona sai ta juya. Mai kallon allonta ya ce mini ciyawa na rufe mata ido.

Na biyu. Na shaida masa a nan duk wanda ya tsinci dutse ko ƙarfe a gona, cikin gamba yake jefa shi don kada ya karya hauya. Tun ɓarin wutar da anka yi a dajinmu haka mutane ke yi, ba su san abin da suke ɗauka ba. Ya ce zai rubuta. Da la'asar kunka kafa sanduna masu koren fenti, alamar babu haɗari, har kan iyaka.

Na uku. Ilu ya ga kore, ya tara sassabe jikin gamba ya sa wuta. Ina ɗaure jaki na ji ƙarar fashewar bam. A amalanke munka kai shi bakin titi. A asibitin Ƙonni anka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Ƴaƴansa uku suna hannuna yanzu.

Sau uku na zo buro, wato ofishinku, ana ce mini taswira ta nuna gonar lafiya lau. Hadari ya fara haɗuwa, kuma akwai gonakin da ba a ƙone ba tukuna. Ina bi gida-gida ina gargaɗi, wasu na ce mini su na'ura za su bi, ba ni ba.

Roƙona, ku dawo kafin ruwan shuka, ku cire kore daga iyakoki ku kafa ja, a turo masu binciken gamba da hannu. Sandunan ban taɓa su ba, don naku ne. Amma Baba Idi, mai gonar yamma da mu, ya ce ran Asabar zai sa wuta a tashi gonar.

Allah ya ba ku lafiya, ya tsare ku a wannan aiki mai haɗari.

Wassalam.
Sahabi