Wa Zai Karɓi Wuta Daga Hannun Baba

Toki, 2 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Kiyoharu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, kuma sanyin Jamus bai fara taɓa maka gwiwa ba. Ranar Lahadi na hau ɗakin ibada na kan tudu na roƙa muku lafiya ɗaya bayan ɗaya, har da kai, duk da a ranar ban so ba. Mu nan kowa ƙalau. Mijina ya yi ritaya, ya koma noman kabewa a bayan gida, ta yi yawa har maƙwabta sun fara ɓuya in sun hango shi da kwando. Baba kuwa, a shekara tamanin da shida, yana cin shinkafa kwano biyu yana neman ƙari.

To, bari in tuna maka maganarka. Ranar sabuwar shekara, a gaban hoton marigayiya Mama, ka ce: "Yaya, ko a gadon asibiti nake, zan taso in karɓi wutar nan daga hannun Baba." Na rubuta ta a littafina a ranar, don na san ka. Sai ga shi makon jiya sakatarenka ya aiko mini da saƙo mai layi uku, wai maigida yana baƙin cikin sanar da ni cewa baje kolin kayan lantarki ya faɗo a makon da za a karɓi wutar, don haka ba zai zo ba. Ni ce na koya maka riƙe tsinken cin abinci, yau ni ake sanarwa ta bakin sakatare!

Ranar ashirin da biyar ga wata za a kashe tanderu na uku. A cikinsa kamfaninku ya gasa kofunan shayi tun ba shi da suna, ya gasa farin tangaran na saman falwaya, kafin a kai ga waɗannan ƙananan abubuwa da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, da kake yawon sayar wa masu ƙera waya da mota. Malamin ibada zai zo ya yi wa tanderun godiya, a zuba masa gishiri da giyar shinkafa, sannan ma'aikaci mafi tsufa ya ɗebi wutarsa a fitila ya miƙa wa ɗansa da ke aiki a kamfanin, shi kuma ya kai ta sabon gini. Baba ne mafi tsufan, ya yi shekara arba'in da ɗaya a bakin tanderun nan, har girarsa ta daina tsirowa. Ɗa ɗaya gare shi a kamfanin, kuma kai ne.

Da ka ga yadda yake shiri, da ka yi dariya kafin ka ji kunya. Kullum da safe sai ya ɗauki butar shayi a matsayin fitila, ya taka daga kicin zuwa ƙofar gida yana ƙirga sawu, ya sunkuya ya miƙa wa mijina. Jiya ya faɗa masa wai yana karɓa kamar mai karɓar jaririn da ya ɓata zane, Kiyoharu ba zai yi haka ba. Tsoho Tatsuzo, abokin aikin Baba, ya zo yana tsokanarsa wai hannunsa na rawa, kada ya ƙone sabon gini tun ba a buɗe shi ba. Baba ya ce masa shi da ya taɓa gasa abincin ranarsa tare da kofuna dubu ba shi da bakin magana. Har yau ban gaya wa Baba saƙon sakatarenka ba. In ya tambaya, sai in ce kana neman jirgi.

Na karanta isassun littattafai a ɗakin karatun da nake aiki, na san yadda mutane ke rubuta nadama bayan uba ya tafi, kuma ba na so ka iya irin wannan rubutu. Baje koli ana yin sa kowace shekara, kuma kana da mataimaka huɗu, kai ka faɗa mini da bakinka kana taƙama.

Saboda haka ga yadda za a yi. Na ba ka zuwa ranar sha biyu ga wata ka kira Baba da kanka ka faɗa masa lambar jirginka. In ranar ta wuce shiru, washegari zan zaunar da shi in gaya masa gaskiya, daga nan in wuce ofishin manaja. Ni ma na yi shekara goma sha biyu a kamfanin nan ina duba tangaran a ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin in bari, kuma tsohuwar rigar aikina tana nan, ko da maɓallanta ba za su haɗu ba. Za su ce mace ba ta taɓa ɗaukar wutar tanderu ba, zan ce su nuna mini inda aka rubuta. Ni zan karɓe ta daga hannun Baba, in aiko maka da hoton ka rataye a ofis.

Ka gaida matarka Fumie da kyau, ka nuna mata wannan takarda, na san ɓangaren da za ta bi. Ka gaida Chihaya da Itsuki, ka ce kakansu na tambayar tsayinsu. Mijina na gaishe ka, yana roƙonka ka zo ka raba shi da butar shayi.

Yayarka mai jiran kiranka,
Tomoe