Mutumin da Ka Turo Neman Yakuba

Gaya, ranar Talata

Zuwa ga ƙanena Yusha'u, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mariama da yara. Mu nan sai godiya. An fara yankan shinkafa a fadama, maigidana can yake wuni. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, amma abinci sai an yi da gaske take cin loma biyu. Na zaɓi takarda ne don saƙon murya a gidan nan kunnen kowa yake shiga, maganar kuwa tsakanina da kai ce.

Yau wata uku ke nan da autanmu Yakuba ya haye kogi zuwa Malanbil ta ƙasar Benin da buhunan albasa bai dawo ba. Na san hankalinka ba a kwance yake ba, shi ya sa ka ɗauko mutumin nan Issa daga Yamai, ka biya shi ya nemo mana shi. Allah Ya saka maka. Amma Yusha'u, ka daɗe da barin gida, ka manta yadda ake tambaya a bakin kogi. Tun da aka rufe gada kowa a jirgi yake hayewa, masu jirgi kuma ba abin da suka ƙi jini kamar baƙo mai tambaya.

Mutuminka ya sauka da baƙin tabarau da ɗan littafi, yana cewa shi detektif ne mai zaman kansa. Wa ya san wannan a Gaya? Masu kabu-kabu suka ce ɗan rahoton duwan ne, wato 'yan kwastan. Matan kasuwa suka ce ɗan sandan ciki. Waɗanda suka yi lakkol, 'yan boko, suka ce anketer ne mai bincike, wasu kuma ɗan leƙen asiri. Kawu Mahamadu ya ce shi mai bin sawu kaɗai ya sani, wanda ake kira in an sace saniya, shi ma kowa ya san gidan ubansa. Na yi ta bayani har bakina ya bushe, cewa ɗan'uwana ne ya ɗauke shi aiki, ba gwamnati ba. Aka ce da ni ai duk wanda ke rubuta sunan mutum, akwai inda zai kai shi.

Abin da ba ka sani ba, ni ma ban zauna ba. Na ji ƙishin-ƙishin cewa Rabo mai jirgi ne ya ɗauko Yakuba a dawowa. Ban tunkare shi ba. Matarsa Indo ta haihu, na je barka da sabulu, na koma suna, na sake komawa na taya ta daka. Sau shida ina shiga gidan ban ambaci Yakuba ba. A na bakwai ita da kanta ta ja ni ɗaki. Ta ce Rabo ya ɗauko shi da zazzaɓi mai zafi, ya sauke shi a wata tunga ta masunta wajen iyakar Najeriya, don ruwa ya hana su ƙarasowa. Rabo ya yi shiru ne saboda a nan suke sauke kayan da ba sa son a gani. Ta ce ya yarda ya kai ni ranar Juma'a, in na rantse ba zan nuna wa kowa wurin ba.

Ranar Alhamis mutuminka ya isa mashayar jirage da hoton Yakuba. Ko goro bai kai wa sarkin ruwa ba. Ya ɗauki jirage hoto, ya tambayi wanne ne na Rabo, ya rubuta. Da safiyar Juma'a na je da ƙunshin magani da tufafin Yakuba, na tarar ba Rabo, ba jirginsa. Indo ko amsa sallamata ba ta yi ba. Wallahi na yi kuka, na kuma ji haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Gaggawa aikin shaiɗan, mai haƙuri kuwa shi kan dafa dutse. Ni nawa ya kusa nuna.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In shiga, in fita, in leƙa kogi. Don Allah, da ka karanta ka buga wa mutuminka waya ya koma Yamai, kada ya kwana biyu. Ni da Kawu za mu kai goro mu ba sarkin ruwa haƙuri, ko Allah zai sa Rabo ya dawo. Ban gaya wa Inna zancen tungar ba. Ta yaya zan ce mata na san ɗanta na kwance ba lafiya, tafiyar rabin wuni daga nan, amma ban san a wace gaɓa ba? Da can tsorona a zo mana da mugun labari. Yanzu tsorona ko da abin ya faru, ba mai zuwa ya gaya mana.

Ka gaida Mariama, da Nana da Nazifi. Inna da Kawu na gaishe ka. Ka sa Yakuba a addu'a.

Yayarka,
Bibata