Na Yi Kiran Wasa, Inna Ta Amsa da Gaske

Malama mai filin shawara, sallama da fatan alheri. Ki taimaka mini, don na haƙa rami da hannuna na faɗa, har yanzu kuma ina ciki ina yi wa masu leƙowa murmushi. Ki yi haƙuri da rubutun. Karatuna a tsakiyar firamare ya zauna ya ce ya gaji, ni kuma ban matsa masa ba.

Ni mai gyaran fanka ne da dutsen guga da sauran kayan wuta na gida. Shagona, in aka shigo da fanka mai tsayi, sai ɗayanmu ya fita. Babbar 'yata ce ta ce surutun da nake yi wa masu kawo gyara a banza ya kamata ya yi amfani, ta fara ɗaukata a waya tana ɗorawa a intanet. Ina koya wa mutane yadda za su gane ko fanka ƙonewa ta yi ko ƙura ce kawai ta shaƙe ta. Masu kallona a lokacin, da za a tara su, falonmu zai ɗauke su har a samu wurin ajiye takalma. Amma mutanen kirki ne. Wata baiwar Allah har ta rubuto cewa ta gyara dutsen gugarta da kanta.

Ran nan ina cikin wa'azi cewa kada kowa ya taɓa wayar wuta sai ya cire filogi ya gwada da tasta, ɗan sukudireban nan mai nuna ko akwai wuta, sai na kai hannu kan wayar da ni ban cire filoginta ba. Wuta ta fizge ni. Kujera ta yi gabas, hula ta yi yamma, bakina kuma bai yi shawara da ni ba ya ce wayyo Inna. Mutum da furfurarsa yana kiran uwarsa.

Yarinyar ta so ta goge, na ce ta ɗora, ai darasi ne. Nan da nan waɗanda suka kalli faɗuwata suka ninka duk waɗanda suka taɓa sauraren koyarwata. Na tambaye ta dalili, ta ce algoridim ne ya ɗauka. Na zaci wani attajiri ne, na ce a miƙa masa gaisuwa. Ta ce na'ura ce mai lura da abin da mutane ke tsayawa kallo, sai ta ƙara tura musu irinsa. Ni dai har yau Alhaji Goridim nake ce masa, don halinsa na masu gida ne: ba ka ganinsa, ba ya faɗa maka abin da yake so, amma ranar da ya juya maka baya za ka sani.

Na koma koyarwa, Alhaji ya ɗauke kai. Na yi bayani mai kyau a kan fanka mai ƙara, ko tari bai yi ba. To, kwaɗayi mabuɗin wahala. Na cire filogi a ɓoye, na taɓa waya, na yi tsalle, na kira Inna. Alhaji ya wangale ƙofa. Daga nan wuta ta riƙa kama ni duk mako kamar tana bina da gaba. Na ƙware har na san inda hula za ta faɗi. Masu shakka suka ce shiri ne, na rubuta musu cewa su zo su taɓa su ji. Wani mai sayar da ƙwan lantarki ya ba ni talla. Yaran layi suka raɗa mini Baba Wayyo. 'Yata ta ajiye wayar ta ce ita gyara ta yi niyyar ɗauka, sai na sayo sandar ɗora waya mai ƙafa uku, wadda ba ta jin kunya ba ta kuma ba da shawara. Masu kawo gyara suka ragu, ban ga laifinsu ba. Wa zai ba da fankarsa ga wanda wuta ta raina?

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Inna tana raye. Tana gidan ƙanena a can ƙarshen gari, gwiwoyi sun hana ta fita, ido ya yi rauni, amma kunne garau. Jikokinta suna kallona suna dariya, ita kuma ta ji muryar ɗanta yana kiranta, an gama wannan an sa wancan. Ta sa aka ɗora ta a motar haya. Da tsakar rana ina gyara zaman waya zan yi tsallen makon, sai na ji ƙarar sanda a bakin shago. Ta ce ta ji ina kira, ga ta ta zo.

Malama, ta kama hannuwana tana juyawa tana lalube, tana neman ƙuna. Ta ce tun ina yaro ni mai ɓoye ciwo ne, har karaya na taɓa ɓoye mata, don haka in na kira ta da wannan murya abin ya kai. Sannan ta faɗi maganar da ta hana ni sukuni. Ta ce in yafe mata, laifinta ne da ta cire ni daga makaranta ta kai ni koyon gyara lokacin da mahaifinmu ya rasu, da na yi karatu da ban tsufa wuta tana cina ba. Filogin yana nan a ƙasa a cire, dab da gindin sandarta. Ni kuma me na yi? Na yi abin da na iya. Na ce kada ta damu, ni da wutar mun saba, wasan jika da kaka muke yi. Ba ta yi dariya ba.

Tun ranar ban ƙara tsalle ba, Alhaji ya koma inda ya fito, mai ƙwan lantarki yana ta kira. Ƙanena ya ce jininta ya hau, abinci sai an lallaɓa, kullum tana roƙonsa ya samo mini aikin gadi. Shi ma bai san cewa shiri ne ba. Uwar yara da 'yata kaɗai suka sani, kallon da suke mini kuma ya ishe ni abinci.

Wata zuciyar ta ce in yi shiru in daina kawai, in ce mata Allah ya amsa addu'arta. Don ban san wanda ya fi mata ciwo ba, ɗa da wuta ke ja, ko ɗa da ya mayar da sunanta abin talla. Na san akwai magana a wuyana da sai a gaban tsohuwar nan zan sauke ta. Na kama hanyar gidan, na kai kwanar layinsu, na tsaya na sayi batir ɗin da ba na bukata na dawo.

Naki, Mai Tasta

*

Malam Mai Tasta, na karanta wasiƙarka da dariya, na ƙarasa ta ba dariya.

Neman masu kallo ba laifi ba ne, barkwanci kuma baiwa ce, shi ya sa darasinka ke shiga. Gaskiya ne na'urar nan tana matsa wa masu irin aikinka, domin tsayawar ido take ƙirgawa, ba ruwanta da abin da ya tsayar da shi. Sai dai Alhajin naka bai taɓa sunkuyawa ƙarƙashin tebur ya cire filogi ba. Wannan hannunka ne.

Dabarar yin shiru ba za ta fisshe ka ba. Bidiyoyin suna nan suna yawo, za ta ci gaba da ji. Abin da ya fi wannan, ka bar ta da laifin da ba nata ba. Uwar da ta rasa miji ta nema wa ɗanta sana'a, sana'ar ta riƙe gida, yau tana neman gafara a kai saboda wasanka. Ko da fushi zai biyo baya, fushin uwa a kan ɗa mai ƙarya ya fi mata sauƙin ɗauka a kan wannan.

Ka fara gaya wa ƙanenka, ya tabbatar an duba jinin nata tana kuma shan magani. Sannan ka je da safe, ka zauna a ƙasa, ka bar barkwancin a shago. Ka ce mata sau ɗaya wuta ta taɓa ka, sauran duk shiri ne, sana'ar da ta sa ka kuma ba ta cuce ka ba. Duk abin da ta faɗa ka sunkuyar da kai ka karɓa. Ka tafi da 'yarka don ƙafarka ta wuce kwanar nan, amma wayar ta zauna a gida. Hawayen tsohuwa abu ne da na'urar ke so ƙwarai, kada ka kuskura.

Bayan haka ka sauke bidiyoyin ƙarya, ka yi guda ɗaya ka nuna wa jama'a filogin a cire. Akwai yara masu kallonka da suka koyi cewa jan wuta abin dariya ne, suna da haƙƙi a kanka. Mai ƙwan lantarki ka ce masa za ka yi masa talla a tsaye da ƙafafunka, in bai so ya kama gabansa.

Masu kallo za su ragu, wasu za su zage ka, ba zan ɓoye maka ba. Ka koma koyarwa da bakin nan naka, ka ba 'yarka haƙuri ko ta yarda ta sake riƙe wayar. Amma duk wannan a bayan Inna yake. Kada makon nan ya fita ba ka je ba.

Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya zuciyarta a kanka, ya kuma sa albarka a shagon.