Zuwa Ga Ari, Kan Bidiyon Da Na Turo Maka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Fanna da yara da dukan mutanen Maine-Soroa. Ni ne Sanusi, daga Diffa. Na san ba halinmu ba ne mu yi zancenmu a bainar jama'a, amma mako uku ke nan ina kiranka ba ka ɗauka, na kuma san kana leƙa wannan shafin. Waɗanda za su karanta tare da kai su yi mini uzuri.

Ka tuna kwamfutar da Abbana ya ajiye a bayan kantinsa don buga wa mutane takardun ofis, lokacin muna lise, wato sakandare? Wani ɗan'uwanmu ne ya zo daga Damagaram da wasan harbin nan a faifai, wanda ba ka ganin jikinka sai hannu da bakin bindiga a ƙasan allo. Ranar Laraba da rana babu makaranta, sai mu matsu a kujera ɗaya mu raba aiki, kai kana tafiya da madannai, ni ina harbi. Kullum maganarka ɗaya ce: "Kai dai harba, hanya tawa ce."

Wasan nan bai da kyan gani, yanzu na yarda. Maƙiyan kamar an yanko su daga kwali, in suka matso fuskarsu ta wargaje, ba ka sanin mutum ne ko bunsuru. Jinin kamar tumatirin gwangwani. Ƙarar bindigar kuwa, ka ce tamkar an jefa dutse a kwanon rufi. Babu mai nuna hanya. Mun yi kusan wata guda muna zagaye a matakin magudanar ruwan nan muna neman jan makulli, har ka zana taswira a bayan littafinka na lissafi, malam ya gani ya ɗauka aikin gida ne. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke, komai ya tafi, mu sake daga farko muna dariya.

A bana aka sake fitar da wasan, sabo fil, da sunansa na da. Wani mai zuwa gyaran telefon a shagona ya gaya mini, na sa shi a kwamfutata. Ari, ba zan yi maka ƙarya ba, sun iya aiki. Kiɗan nan na farko suka dawo da shi. Gudun yana nan, bindigar nan mai baki biyu tana nan. Amma yanzu akwai kibiya mai nuna maka inda za ka, ba ka ɓata, ba ka bukatar abokin zana taswira. Maƙiyan suna da idanu. In ka harbi ɗaya ba ya ɓacewa kamar na da, yana faɗuwa ne yana jan jiki, yana kiran wani. Ƙarar kuma ba ta kwanon rufi ba ce. Wanda ya haɗa ta ya san yadda harsashi ke wuce kunne.

Duk na lura da wannan, amma murna ta rufe mini ido. Da na iso matakin magudanarmu, na ga sun mai da shi kogi mai dogayen ciyayi, kana kutsawa cikin ruwa har wuya, kana jin numfashinka, ana harbi ta bisa kanka. Ban tsaya tunani ba. Na ɗauki minti guda da telefon na turo maka, na rubuta a ƙasa cewa ka dubi yadda suka gyara mana wurinmu. Har da alamar dariya na sa.

Ni da ka gaya wa abin da ya same ka a kogi. Sau ɗaya ka faɗa, a benci gaban shagona, sati biyu bayan kun baro ƙauyenku. Kuna gonar tattasai a bakin kogin Komadugu kai da mahaifinka, Ba Modu, kuna gyara injin ban ruwa, masu bindiga suka shigo gari da hantsi. Ka ja tsohon kuka faɗa ruwa, kuka ɓuya cikin ciyawa. Ka riƙe kansa a kafaɗarka har la'asar, kana raɗa masa ya yi haƙuri, ba ka san harsashi ya same shi tun kuna gangarawa ba. Ka gama faɗa ka ce mini, "Kada ka sake tambayata." Ban sake tambaya ba. Amma ashe ban riƙe ba.

Fanna ce ta kira ni bayan kwana biyu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce kana rumfarka ta dabino a kasuwa ka buɗe saƙon, ƙarar telefon a sama. Ka tashi ka bar kayanka a buɗe, ka bi hanya. Maƙwabtan rumfa suka kwashe maka dabinon, ƙanenta ya same ka bayan gari a gindin wata bishiya, takalmi ɗaya a ƙafarka. Ta ce tun ranar kana fita kasuwa, kana salla, kana cin abinci kaɗan, amma magana sai dole. Ta tambaye ni abin da na turo. Na rasa yadda zan ce mata wasa ne.

Ni ma na ji harbi a garin nan, kowa ya ji. Amma daga bayan ƙofa na ji shi, a kulle, da iyalina kusa da ni, kuma da aka buɗe ƙofar kowa nawa yana nan. Shi ya sa na iya sa abin a kunnena in ji daɗi. Shekarun nan ina ɗauka abu ɗaya ya same mu da kai, tun da yankinmu ɗaya. Ba abu ɗaya ba ne.

Masu zuwa shago suna tambayata wanne ya fi, tsohon ko sabon. Da ina da amsa doguwa. Yanzu nakan ce sabon ya fi kyau kawai. Ba na ganin laifin waɗanda suka yi shi, ba su san Komadugu ba, ba su san Ba Modu ba. Ni na san shi. Na ci tuwo a gidansa, shi ya koya mini gaisuwar "wushe" yadda Barebari ba za su yi mini dariya ba, kuma duk kaka sai ya aiko wa Innata busasshen tattasai.

Na gwada komawa wasan sau ɗaya bayan kiran Fanna. Na kai bakin ruwan na tsaya, har aka kashe ni a tsaye. Na kashe kwamfutar. Ban goge shi ba tukuna, ban kuma san dalili ba, gara in gaya maka gaskiya.

Ɗan'uwana, ka yafe mini. Ba na neman ka amsa a nan, ko ka ɗauki kira. Ranar kasuwar Maine mai zuwa zan shigo motar safe, in zo in zauna a gefen rumfarka. In ka ga dama ka yi mini magana, in ba ka so mu zauna haka har a tashi kasuwa. In kuma ganina ma nauyi ne a gare ka yanzu, ka sa Fanna ta gaya mini, zan jira har ranar da ka ce.

Allah Ya jiƙan Ba Modu, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya saka wa Fanna da alheri, Ya raya muku yara. Allah Ya dawo da lafiya bakin kogin nan, har masu gona su koma gonakinsu.

Naka, mai jin kunyarka,
Sanusi