Takardunki da Na Ƙona

Zuwa ga Mama Araksi,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Bayan haka, shekara tara ke nan da rasuwarki, kuma na gaji da riƙe wannan magana ni kaɗai.

Kin tuna benenmu na unguwar Tottenham, ƙofarki na kallon tawa? Ke tsohuwa 'yar Armeniya, ni amarya daga Kano, Turancinmu duka sai a hankali. Kullum kina bakin taga kina rubutu da haruffan nan naku masu kama da ƙugiya, kina zana ƙaramin gicciye a saman kowace takarda. Na ɗauka addu'o'inku ne. Ban taɓa tambaya ba.

Da kika rasu, hukumar unguwa, wato council, suka ba da mako ɗaya a kwashe kaya. Ba ɗa, ba jika. Na ga ma'aikata suna tura komai cikin baƙar leda. A gidanmu, takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba ta shiga shara, ƙona ta ake yi. Na kwaso kwali biyu na takardunki, na sauka ƙasa, na ƙona su cikin bokitin ƙarfe. Har ina jin na yi miki karamci.

Bayan wata uku wani dattijo ya zo daga cocinku. Shi ya gaya mini ko ke wace ce: marubuciyar waƙoƙi, wadda yaran ƙasarku ke haddace waƙoƙinta a makaranta. Kwalayen nan aikin shekara ashirin ne, kan mahaifiyarki da ƙauyen da aka kore ta daga cikinsa. Babu kwafi ko ɗaya. Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi.

Sai na tuna waƙar da kike rera wa 'yata Hadiza idan ta ƙi barci. Na rera masa yadda kunnena ya kama, ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Ya zaro biro, ya ce sabuwa ce, ba a taɓa buga ta ba. Layi huɗu ya samu. Sauran sun ɓace mini.

Tun ranar nake lalube. Hadiza ta girma, da Turanci take amsa mini, ta ce in haƙura. Dattijon ma ya rasu bara.

Mama, jiya a cikin bas layi na biyar ya dawo mini. Ba ni da wanda zan kai wa.

Allah Ya saka miki da alherin maƙwabtaka, ni kuma Ya yafe mini. Ke ma ki yafe.

Taki,
Maman Hadiza